Hangen Dala ba shiga birni ba: amsoshin wasiƙunku kan hawan Kilimanjaro

Tun da bakina ya suɓuce a fitowar watan jiya na ambaci cewa na taɓa hawa dutsen Kilimanjaro, wasiƙu da saƙonnin waya suka yi ta sauka kamar ruwan Agusta. Har wani tsohon ɗalibina ya tare ni a bakin masallacin Juma'a yana tambayata ko da gaske akwai ƙanƙara a Afirka. Akwai. Na tsamo tambayoyi biyar, sauran a yi mini afuwa, shafin ne ba shi da faɗi.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, shekarata 44. Mu biyar ne muka haɗa kuɗi za mu je Tanzaniya hawa Kilimanjaro a watan Agusta. Ina buga ƙwallo duk Lahadi, ba na shan taba, kuma da na je Umara na hau Kogon Hira sau ɗaya tak na tsaya hutawa. Kamfanin da muka tuntuɓa ya ba mu zaɓi biyu, kwana 5 ko kwana 8. Na kwana 5 ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, ga shi ba na son in daɗe na bar wa yara shago. Ina ganin ƙarfina ya isa. Me ka gani? Daga mai karatu a Gwammaja.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ku ɗauki na kwana 8. In kuɗin bai kai ba, ku ɗaga tafiyar zuwa baɗi, dutsen yana nan inda yake. Shago kuma, yaran da za su riƙe shi kwana 5 za su riƙe shi kwana 8.

Mu fara da lissafi, tunda kai mutumin lissafi ne. Kanon nan da muke zaune ba ta kai mita 500 daga doron teku ba. Dutsen da Kogon Hira yake kansa mita 640 ne ko kusa da haka. Ƙololuwar Kilimanjaro, wadda ake kira Uhuru, mita 5,895 ce, babu inda ya kai ta a Afirka kaf. A can, duk numfashin da ka ja, iskar oksijin da zai shigar maka kusan rabin wadda mutumin bakin teku yake samu ce. Ka ƙaddara koko ne aka tsinka da ruwa: kofi ya cika fal, ka shanye, ciki bai san an yi ba.

Jiki yana da dabararsa. Numfashi zai ƙara sauri da zurfi, zuciya ta ƙara bugu, ƙoda ta shiga daidaita sinadaran jini ta hanyar fitsari don numfashin ya ɗore a haka. Sai dai aikin kwanaki yake ci, kuma ƙwallon Lahadi ba ta rage masa ko awa ɗaya. Martina Navratilova ta ci kofin tanis na Wimbuldon sau 9, ba a yi mata gorin ƙwarin jiki. A watan Disambar 2010 ta je hawa wannan dutse, ruwa ya taru mata a huhu, aka sauko da ita aka kwantar a asibiti a Nairobi.

Ni ma na sha wannan ruwan. Zuwana na farko ina da shekara 38, ina koyar da wasanni a makarantar sakandare, ina zagaye fili da yara ko haki ba na yi. Na zaɓi hanyar Marangu ta kwana 5 saboda dalilinka sak, araha. Hanya ce mai daɗi a ido, ita kaɗai ce ake kwana a ɗakuna maimakon tanti. Amma dubi zangunanta: Mandara wajen mita 2,700, Horombo wajen 3,700, Kibo wajen 4,700. Kowane dare ƙarin mita 1,000 ke nan. Likitocin da suka san cutar tsauni kuwa cewa suke, da zarar ka wuce mita 3,000, kada makwancinka na yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma duk bayan kwana 3 ko 4 ka maimaita kwana a wuri guda. Mu ninki biyu muka riƙa ci.

Ɗan jagoranmu wani siriri ne kamar kara, kalma ɗaya yake ta nanatawa da Suwahili, pole pole, wato sannu-sannu. Tafiyarsa sai ka ce mai rakiyar amarya. Ni kuwa sai in wuce shi, in je gaba in hau kan dutse in zauna ina jiransu, ina jin kaina. A Horombo kai ya fara sara mini. Na haɗiyi farasitamol, na ja bakina na yi shiru. A Kibo aka kawo shayi da biskit, ƙamshin kaɗai ya tayar mini da zuciya. Ƙarfe 12 na dare muka tashi, fitila ɗaure a goshi, cikin tsakuwar da in ka yi taki biyu sai ta zame da kai ɗaya. Wajen ƙarfe 3 na yi amai, na sake yi. Ɗan jagoran ya haska fuskata ya tambaye ni sunan garinmu, sai da na yi jim kafin Kano ta zo bakina. Sai ya ja layi a ƙasa da sandarsa, ya ce in bi, dunduniya a bakin yatsa. Taki uku na yi na karkace kamar mashayi. Bai nemi shawarata ba, ya karɓi jakata ya juya ni. Ina cikin yi masa magiya ina tuna masa kuɗin da na biya, wata tsohuwa Baturiya da na wuce tun ranar farko ta gifta mu tana jan ƙafa, ko kallo ban ishe ta ba. Ita ta kai. Ni kuwa kafin mu isa Horombo kan ya fara washewa kamar ana sauke mini dutsen niƙa.

Bayan shekara uku na koma ta hanyar Lemosho, kwana 8. Jikina bai fi na da ƙwari ba, ya ma ragu. Kwanakin ne suka ƙaru. Wannan hanya da ta Machame suna da wata hikima: akwai ranar da za ku hau har wani dutse da ake kira Lava Tower, mita 4,600, ku ci abincin rana, sannan ku gangara ku kwana a Baranko, wajen mita 3,900. Ka ɗanɗana wa jiki abin da ke gaba, ka dawo da shi ƙasa ya kwana yana shiri. Fataken Kano da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro da sun ga wannan tsari da ba su yi mamaki ba, don madugu ba ya yanka zango da ƙarfin saurayin ayari.

Ku biyar ɗin nan ku haddace alamomin. Ƙaramin ciwon tsauni yakan fara daga mita 2,500, 'yan awanni bayan an sauka a zango: ciwon kai, tashin zuciya, kasala, jiri, barci ya ƙi zuwa. Masu hawa da yawa suna ɗanɗana shi. Dokarsa ka faɗa wa ɗan jagora, kuma kada ka ƙara hawa sai ya lafa. Masu kisan su biyu ne. Ɗaya kumburin ƙwaƙwalwa: mutum ya fara tangaɗi, ya ruɗe, magana ba kan gado, ko barci mai nauyi ya danne shi. Ɗayan taruwar ruwa a huhu: haki ko yana zaune, tari da daga baya yake fitowa da kumfa, wani sa'in har da jirwayen jini. Littattafan Turawa za su ce leɓe ya yi shuɗi; mu masu baƙar fata sai a duba cikin leɓe da ƙarƙashin farce. Duk wanda aka ga ɗaya daga cikin biyun nan gare shi, a sauko da shi nan take, ko tsakar dare ne, ba a jiran gari ya waye, ba a kuma barinsa ya sauka shi kaɗai. Kwalbar oksijin da magani guzuri ne na hanyar saukar, ba su maye gurbinta.

Abin da na fi ji muku tsoro, Alhaji, majalisa ce. Na san mu. Wanda aka juyo da shi ya san shekara guda zai yi ana yi masa tsiya a bakin shago, don haka sai ya ɓoye ciwon kansa kamar yadda na ɓoye nawa. Ku zauna tun a nan Kano ku yi alkawari: maganar ɗan jagora ita ce yanke, kuma wanda ya juyo ba mai tayar masa da zancen.

Duk wannan ba ya nufin ka kwanta ka jira Agusta. Ƙarfi ba ya hana ciwon tsauni, amma shi ke ɗaukar ƙafa. Kullum za ku yi tafiyar awa 5 zuwa 7, ranar ƙololuwa kuwa awa 12 zuwa 15, domin bayan kun taɓa Uhuru a ranar za ku gangaro har zangon Mweka, wajen mita 3,100. Ƙwallo gudu ne da tsayawa, wannan kuwa jan ƙafa ne da ba ya ƙarewa. Ka ware wata 3. Bayan Asuba ka goya jaka mai kilo 6 ko 7, ka hau Dala ka sauko, ka maimaita har cinya ta yi magana. In ka gaji da Dala ga Goron Dutse. Ranar da ba kasuwa ka yi tafiyar awa 5 a ƙasa, washegari ka sake, don ƙafa ta koyi tashi da gajiyar jiya. Kada ka raina saukowa, ita ke cin gwiwa, ita ke cire farce. Takalmin da za ka hau da shi ka fara takawa da shi tun yanzu.

Dokar Tanzaniya ba ta barin kowa ya hau sai da ɗan jagora mai lasisi, to amma kamfani suna suka tara. Ku tambaye su 'yan jagora nawa za su bi ku a daren ƙololuwa, domin in ɗaya ne rak, mutum guda ya kasa sai a juyo da kowa, ko a bar mara lafiya a hannun da bai dace ba. Ku tambaya ko suna ɗaukar kwalbar oksijin da ɗan abin nan da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar jini, da yadda suke sauko da wanda ya kasa tafiya. In suka fara kame-kame, ku nemi wasu.

In Allah ya kai ku Stella, inda ake fara taka bakin saman dutsen, mita 5,756, daidai fitowar rana, za ku ji kamar an gama. Saura mita 139 na hawa, kuma ni sai da na kusa awa guda a kansu. A nan na gane abin da ake nufi da hangen Dala ba shiga birni ba.

TAMBAYA: Malam, ƙanena shekararsa 27, yana aiki a Abuja, abokan aikinsa sun ja ra'ayinsa zai bi su Kilimanjaro. Gwajin sikila ya nuna shi AS ne. Mahaifiyarmu ta kasa barci, shi kuma ya ce AS ba ciwo ba ne. Wa ke da gaskiya? Daga wata 'yar'uwa a Tarauni.

AMSA: Hajiya, Allah ya saka da wannan tambaya, don ita ce wadda takardun kamfanonin waje ba su cika yi ba, alhali kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar nan AS ne. Yanzu da gwajin kafin aure ya zama doka a Kano tun 2024, mutane da yawa sun san nasu, sai dai a kan aure kawai suke tuna shi.

Ƙanenki yana da gaskiya a Abuja, Mama kuma tana da gaskiya a kan dutse. Mai AS yana rayuwarsa lafiya lau. Amma in iskar oksijin ta yi ƙaranci, ga gajiya, ga ƙarancin ruwa a jiki, wasu ƙwayoyin jininsa suna iya lanƙwashewa kamar lauje su toshe ƙananan hanyoyin jini, musamman a saifa. Alamarsa ciwo mai tsanani a saman ciki ta hagu, ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokaci ya harba har kafaɗar hagu, da amai. Mugun abin shi ne yana kama da gyambon ciki ko ƙaramin ciwon tsauni, sai a ba shi magani a ce ya daure. Masu AS da dama sun hau tsaunuka sun sauko lafiya, wasu kuma a asibiti suka ƙare, kuma ba a gane wanda zai faɗa ciki ta kallon ƙirar jiki.

Ya je ya ga likitan jini kafin ya biya ko sisi. In ya zo gida, Asibitin Malam Aminu Kano yana da sashen. In an ba shi dama, ya ɗauki hanya mafi tsawon kwanaki, ya sha ruwa sosai, ya gaya wa ɗan jagora tun ranar farko, kuma ciwon hagun nan yana taɓa shi ya juyo. Da ƙanena ne, Hajiya, da na ce masa ya je ya sha kallon dajin gindin dutsen da namun dawan Serengeti ya bar musu ƙololuwar. Mai SS ko SC kuwa babu ma zancen zuwa. Haka mai ciwon zuciya, da mai hawan jinin da bai daidaita ba, da mai suga, da mai asma, da mai juna biyu, kowa ya bi ta hannun likitansa tukuna.

TAMBAYA: An ce akwai ƙwayar da in ka sha tsauni ba ya kama ka. Gaskiya ne? Daga ɗalibi a Kabuga.

AMSA: Ɗana, akwai, amma an yi mata ƙari a labarin. Sunanta asitazolamaid, an fi saninta da Diamox. Tana sa ƙoda ta gaggauta aikin nan da na faɗa wa Alhajin Kwari, sai jiki ya saba da wuri. Abin da aka saba bayarwa miligiram 125 ne safe da yamma, a fara kwana ɗaya kafin hawa. Tana rage haɗari, ba ta kawar da shi, kuma ba ta mayar da kwana 5 ya zama 8. Za ka yi ta fitsari, yatsu su riƙa yi maka tsiko-tsiko, lemon kwalba ya koma ɗanɗanon ƙarfe a baki. Likita ne zai rubuta maka, musamman in maganin salfa ya taɓa yi maka illa ko kana da matsalar ƙoda. Kada ka tsaya a kemis ɗin unguwa. Maganin barci, da kodin, da taramol, ka bar su a ƙasa, suna danne numfashi a wurin da numfashin ne jarinka.

TAMBAYA: Malam, ni tsoron sanyi nake. Kayan gwanjo na Ƙofar Wambai za su wadatar? Kuma yaya ake yi da alwala da salla? Daga malamin makaranta a Fagge.

AMSA: Malam, tsoronka yana kan hanya. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi. Muku-mukun Kano da ke hana mu wankan safe yawanci bai sauka ƙasa da digiri 10 ba. Daren ƙololuwa yana iya kaiwa 10 ko 20 ƙasa da sifiri, ga iska mai yankan kunne.

Gwanjo yana yi in ka iya zaɓe. Ni rigar ulu biyu da hular sanyi a Wambai na tsince su. Sirrin a jera kaya ne hawa-hawa: na jikin fata mai tsane gumi, sai mai ɗumi, sai na waje mai tare iska da ruwa. Auduga ce abokiyar gaba, in ta jiƙe da gumi ba ta bushewa, sai ta koma ƙanƙara a bayanka, don haka singileti da wandon jins su zauna a gida. Babbar rigar sanyi da jakar barci ana bayar da hayarsu a garin Moshi. Takalmi ne kaɗai ban yarda a yi haya ba. Ka riƙi baƙin tabarau mai kyau, hasken can yana ƙona ido.

Salla kuwa Allah ya yi wa matafiyi sauƙi: ga kasaru, ga haɗa salloli, ga taimama in ruwa zai cutar. Ka zauna da malaminka kafin tafiya ya warware maka hukuncin. Ni a zangunan ƙasa ruwan ɗumin da 'yan dako suke kawowa da safe nake alwala da shi, a Barafu kuwa, zangon ƙarshe kafin ƙololuwa, wajen mita 4,600, taimama na yi, kuma sujada ɗaya sai da ta sa ni haki kamar na yi tsere. Kada ka sa tafiyar a watan azumi, kana buƙatar lita 3 zuwa 4 na ruwa kullum. Ka dubi Janairu da Fabrairu, ko Yuni zuwa Oktoba; Afrilu da Mayu damina ce sosai a can. Katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawar nan, ya kasance tare da fasfonka, ana tambayar 'yan Najeriya shi. Dabino guzuri ne mai kyau, amma ka sa shi a aljihun ciki, in ba haka ba zai daskare ya nemi haƙorinka.

Kuma don Allah a kyautata wa 'yan dako. Ƙa'ida kilo 20 kowannensu yake ɗauka, su wuce ka a hanya da kaya a ka, kafin ka iso sun kafa tanti sun ɗora ruwa. Ka ware kuɗin sallamarsu tun daga gida.

TAMBAYA: Ba mu da irin wannan a Najeriya ne? Kuma in mutum ya kai saman, awa nawa yake yi a can? Daga wata ɗaliba a Rijiyar Zaki.

AMSA: 'Yata, namu mafi tsawo shi ne Chappal Waddi, wanda ake kuma kira Gangirwal, mita 2,419, a Jihar Taraba kan iyakar Kamaru, cikin gandun dajin Gashaka Gumti. Kusa da mu kuma akwai duwatsun Shere a gefen Jos, sun ɗan haura mita 1,800. Sun isa su koya wa ƙafa hawa da sauka, su gwada takalmi, amma ba su kai inda iska ke tsinkewa sosai ba. A bincika lafiyar hanya kafin a tashi, a tafi cikin ayari da ɗan gari, ke kuma da izinin gida.

Awa kuwa babu ita. Minti 10 zuwa 15 ɗan jagora zai fara tattara ku, don tsayuwa a can ba ta da amfani ga jiki. Ni wayata sanyi ya kashe mata batir tun kafin Stella. Hoto ɗaya tak nake da shi a gindin allon Uhuru, wani ɗan dako ne ya ɗauka da tasa ya turo mini bayan sati biyu, safar hannunsa ta rufe rabin fuskata.